Dutse Bakwai a Bakin Aska

Da sunan Wanda ya shimfiɗa rairayi bai auna da mudu ba, ya tsaga duwatsu bai ari gatari ba, ya ba kowane bawa nauyinsa sannan ya ɓoye masa shi, sai dai ya ji a bakin mutane. Bayan haka, ni ne Mantau ɗan Korau, mai turare da kwalli a Zangon Lallausa, wanda ya ratsa ƙasashe goma sha ɗaya aka kore shi daga huɗu kacal, su ma bisa kuskure. Labari ya iso mini wai girman kai ne ke sa ni zama a karkace cikin taro, ina ba jama'a gefen dama na fuskata. Ƙage ne, kuma na san gidajen masu yaɗa shi. Ku gyara zama ku ji yadda aka zalunce ni.

A shekarar da na cika arba'in da 'yan kai, waɗanda yawansu bai shafi kowa ba, furfura ta sauka a gemuna ba sallama. Gemun nan kuwa shi ne rabin jarina, don mata kan zo sayen kwalli su manta da ciniki suna kallonsa. Na cire ta farko, uku suka zo ta'aziyyarta. Ranar da wata mai jego ta ce mini "Baba, nawa ne wannan?" na rufe rumfa tun kafin azahar. A ranar ne wani mai raƙumi ya gaya mini cewa can ƙarshen Hamadar Jan Rairayi ƙasa ta tsage, tsagewar da ake kira Hanjin Ƙasa, kuma a gindinta akwai wani baƙin yumɓu wanda in ya taɓa gashi sau ɗaya, ba ya sake fari har kabari. Na gaya wa matata Gwamma za ni neman ilmi. Ta dubi haɓata ta ce Allah ya sa ilmin ya kama da kyau.

Kwana talatin da uku na yi cikin hamadar nan, inda rairayi ke kuka da rana kamar garaya, inuwar mutum kuma kan gaji ta kwanta a baya sai da yamma ta cim masa. Ran na talatin da huɗu da hantsi na isa Leƙa-Ƙasa, ƙauyen da ke zaune a leɓen kwazazzabon. Na leƙa sau ɗaya, ban ƙara ba. Shaho na gani yana shawagi can ƙasa da ni, ƙanƙane kamar ƙuda.

Tun daga nan zuciyata ba ta kwanta da mutanen garin ba. Ba wanda ya dubi fuskata, duk da na sha kwalli na naɗa rawani mai kamu ashirin. Cikina suke kallo. Wani ya zagaye ni yana lissafi da yatsu, wata ta tambaye ni ko na ci abinci da safe, kuma me na ci. Ni da na yi dillancin raguna shekara biyu na san wannan kallon.

Suka ce ba a sauka sai bibbiyu, kuma ba a sauka sai an hau awo. Suka kai ni wurin wani gungumen giginya da aka gitta a kan dutse, kowane gefe da mazauni. Mai kula da shi wani shirgegen mutum ne mai ido ɗaya, Bagudu Sarkin Awo. Ya kira wata tsohuwa siririya kamar sillen kara, sunanta Tabawa, wadda sana'arta kai gero gindin kwazazzabo ta hauro da kanwa. Ta zauna a gefe guda da buhun geronta da salkarta, ni na zauna a ɗaya da sandata da jakata. Gefena ya dira ƙasa da ƙara, tsohuwa ta yi sama tana lilo da ƙafafu. Jama'a suka yi shiru irin na girmamawa, wanda ya fi dariya ciwo.

Bagudu ya shiga ɗauko wasu mulmulallun duwatsu, kowanne kamar curin fura biyu a haɗe, yana sakawa cikin jakar fatar da ke bayan tsohuwa, yana ƙirgawa da ƙarfi don na bayan gari su ji. Na tambaye shi amfanin wannan wulaƙanci. Ya ce ba a faɗa wa baƙo, don wanda ya ji tun daga sama ƙafarsa ke fara rawa, a ƙasa zan gani da idona. Na ce a raina, to, ai ba a gaya wa rago ranar salla. Da ya kai dutse na huɗu, sai na zura babban yatsan ƙafata ta ƙarƙashin babbar riga na dogara ƙasa a hankali, gungume ya daidaita. Bagudu ya ce huɗu. Na sauka ina murmushi. In ma nama suke nema, sun ga ba ni da kitse, in kuwa suna ne, na tsira da shi.

Aka ɗaura mana igiya guda a ƙugu, ta gashin raƙumi, tsawonta gaba shida. Tabawa ta dube ni daga ƙafa zuwa wuya, ta daɗe a ƙafar, ta ce mu tafi.

Hanyar ba hanya ba ce, tsaga ce kawai aka yi wa dutse. Tana nannaɗe da bango kamar rawanin mai gaggawa, faɗinta tafin ƙafa biyu, hagu bango mai zafin tanderu, dama kuwa ba komai sai iska da rahamar Allah. Wani wuri da mazaunai ake sauka, wani wuri da farce. Tsohuwar nan kuwa tafiya take kamar za ta gidan suna.

Sai na fara lura da take-takenta. Na kafa salka a baki na yi maƙwarwa biyar, ta zuba wa maƙogwarona ido tana motsa leɓe, sannan ta ɗauki tata ta yi biyar daidai. Na ci dabino uku, ta ci uku. Na ratse bayan wani dutse don uzuri, da na dawo ta tambaye ni mai yawa ne ko kaɗan. Na ce, "Inna, a garinmu ko surukai ba sa wannan tambaya." Ta ce a garinku ƙasa a kwance take. Daga nan ta zubar da ɗan ruwa daga salkarta ta wuce gaba.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. A wata kwana, tana zaton ina gyara takalmi, na ga ta sunkuya ta ɗauki dutse mai cika hannu, ta jinjina shi, ta waiwayo ta dube ni, ta jefa cikin jaka. Can gaba ta ƙara wani. Can gaba kuma na uku. Ku faɗa mini, jama'a: mutum ya ɗauki dutse, ya auna shi a hannu, ya dubi ƙeyarka, me yake nufi? Tun daga nan na daina yarda ta bi bayana, na kuma tusa ƙarshen rawanina ninki uku a ƙeya.

Muka shiga wani matsattsen lungu da suke kira Lungun Tsegumi. Abin al'ajabin wurin, in ka ƙwala kira bango ya haɗiye, in ka yi raɗa ya kai kunnen abokin tafiyarka kamar a kafaɗarsa kake. Ni ban sani ba. Ina tafe ina gunaguni ƙasa-ƙasa, na ambaci tsohuwa da sunaye da dama, har da na wata dabba mai dariya da dare. Sai na ji muryarta a cikin kunnena, ita da ke gaba shida a gabana, tana cewa, "Allah Ka sa na ƙiyasta shi daidai, kada ya fi ƙarfina." Da muka fito ta ce, ba ta ko waiwayo ba, kura dai ba ta ɗaukar wa baƙo dutse.

Gaba kaɗan muka iske hanya a toshe. Wani jan gwada ne ya kwanta a kai, girmansa kamar ɗan maraƙi, yana gyaɗa kai yana kallonmu da ido guda. Tabawa ta zauna abinta. Na ce lalle wannan abokin cin mushenta ne, a nan suka yi alkawarin haɗuwa. Sai na tuna da madubina na tagulla, wanda ba ya rabuwa da aljihuna. Na tare rana da shi, na jefa ɗigon haske a gaban hancin dabbar, na ja shi a hankali zuwa bango. Ƙadangare ya bi haske da gudu, ya haye sama yana kai cafka har ya ɓace. Na juya ina jiran yabo. Ta ce dabara ce mai kyau, su dai sukan jefa masa ƙwallon dabino ne ya tafi.

A wurin ne Allah ya nuna mini arziki, ko kuwa na zaci haka. Inda ƙadangaren ya tashi akwai wasu duwatsu kore shar, masu ɗaukar ido, in rana ta taɓa su sai ka ga kamar ruwa na gudu a ciki. Tsohuwa na gyara ɗaurin buhu, na durƙusa kamar mai cire ƙaya, na cika lalitar da ke ƙuguna har ta ƙi rufuwa, na saki riga a kai. Na ce ko an kashe ni, a kashe ni ina mai arziki.

Rana ta ɗan karkata muka zo inda hanya ta ƙare. Gabanmu wani siririn dutse ne ya miƙe ya haɗa bangonmu da wancan bango, tsawonsa kamar taku ɗari biyu. Samansa kaifi ne, ko kurciya ba ta sauka a kai. Gefensa biyu sun zube santal zuwa wani zurfi da ido ba ya kai wa ƙarshensa. A kowane gefe, ƙasa da kaifin da kamar tsayin mutum biyu, an sassaƙa 'yan ramuka na sa yatsun ƙafa. Tabawa ta ce wannan shi ne Bakin Aska. Ta bayyana mini yadda ake yi: ita ta bi hagu, ni in bi dama, igiya ta gitta bisa kaifin, kowa ya jingina baya ga iska ya sakar wa ɗan'uwansa nauyinsa. Ba ka ganin abokinka, ba abin riƙewa sai shi. In nauyi ya zo ɗaya, tafiya ce kamar a tsakar gida. In wani ya fi, ya jawo ɗan'uwansa ya tsallako da shi bisa kaifin, su tafi tare.

Ta zauna ta buɗe jakarta ta nuna mini duwatsu bakwai, huɗu na Bagudu, uku na hanya.

Ta ce, "Na ga yatsanka, bawan Allah. Shekara hamsin ina hawa gungumen nan, na san nauyin mutum tun daga yadda yake zama. Na ƙiyasta ka saci uku, na biya maka su da bayana. Yanzu ka dube ni. Akwai wani abin da ban sani ba?"

Ku yi mini adalci. Mutum kamar ni, a gaban tsohuwar da ta riga ta kama shi sau ɗaya, ya buɗe baki ya ce akwai na biyu? Ban da haka ma, wa ya tabbatar mini duk wannan ba dabara ba ce ta sa in fito da dukiyata? Na dafa ƙirji na ce ba komai, kuma batun yatsa ma jijiya ce ta motsa. Ta yi bisimilla ta sauka gefenta, kaifin dutse ya raba mu.

Taku ashirin na farko lafiya. Igiya na gurzar dutse tana kuka, iska na hura babbar rigata kamar tanti. Ban dubi ƙasa ba, sai dai ƙasa ta yi ta dubana. A taku na talatin na ji ramukan da nake takawa suna haurawa sama, ni ina yin ƙasa. Na miƙa ƙafa ban sami rami ba. Daga bayan dutse muryar Tabawa ta zo, a natse kamar mai tambayar farashin daddawa, ta ce ƙafarta ɗaya ta bar dutse, kuma tana ganin kaifin a kusa da goshinta. Ta ce in zubar da abin da ke jikina.

Na saki sandata. Ban ji saukarta ba. Ta ce bai isa ba. Na jefa jakar guzuri. Na warware rawani mai kamu ashirin, iska ta karɓe shi ya tafi yana rawa kamar farin maciji. Ta ce saura. Na tuɓe babbar riga, mai aska takwas, wadda aka yi wata biyar ana yi mata aiki, na bi ta da kallo tana sauka a hankali kamar mai neman wurin zama. Igiya ta ƙara zamewa kamu guda. Na ciro madubin tagulla daga 'yar ciki, na dubi fuskata sau ɗaya, ban gane mai ita ba, na sake shi.

"Ƙafata ta biyu na tafiya," in ji ta. "Ni na ci zamanina, jikokina sun yi aure. Kai ne ka zo da nisa. Abin da ke ƙugunka, shi ko kai?"

Ashe ta ji ƙarar duwatsun lalitata tun ina tafiya, jira take in faɗa da bakina. Na kwance lalita da haƙora da hannu ɗaya. Koren duwatsun nan suka watse cikin iska suna walƙiya, ban taɓa ganin asara mai kyan gani kamarta ba.

Sai abu ya juya. Da ma koren duwatsun ne kawai suka yi yawa, ni kuwa na riga na zubar da rabin duniya kafin su. Igiya ta fizge ni sama. Cikina ya gurji dutse, na ga kaifin nan yana saukowa wajen haɓata, yana sheƙi kamar an wasa shi da safe. Na yi kira da duk sunayen girmamawa da na sani, Inna, Iya, Gwaggo, Uwar Daɗi, na ce ta zubar da nata.

Ta ce za ta zubar, amma hannunta ya tsufa, ba ya aiki sai kunnenta ya ji gaskiya. Dutse nawa ne ni a awo?

Na ce huɗu da ɗan wani abu. Igiya ta ja.

Na ce biyar. Gemuna ya taɓa kaifin, na ga gashi uku sun rabu da ni, baƙaƙe kuma, cikin 'yan kaɗan da suka rage.

"Bakwai!" Kwazazzabon nan kaf ya amsa, bango ya miƙa wa bango, bakwai, bakwai, har can ƙasa inda mutane ke jiƙa kanwa. Na ji dutse ɗaya ya faɗi ta gefenta, sannan na biyu. Igiya ta tsaya cak. Ta ce to, yanzu mun zama ɗaya, in taka a hankali, in ta ce dama in sa dama.

Haka muka ƙarasa, tana kira ina amsawa, ni da ban taɓa bin umarnin mace ba sai na Gwamma. Da muka haɗu a wancan bango na zube a ƙasa daga ni sai wando da 'yar ciki. Ta miƙo mini salkarta ta ce in sha yadda nake so, an wuce wurin lissafi.

Mutanen gindin kwazazzabo sun fito taryenmu tun kafin mu iso. Ba wanda ya tambayi sunana, sun riga sun ji shi daga sama. Sannu da zuwa Dutse Bakwai, ina gajiya Dutse Bakwai. Wani dattijo har ya zo sanye da rawanina, ya ce daga sama Allah ya jefo masa, ban kuwa da shaidar da zan ƙaryata shi. Garken awakinsu na duba na ga da koren duwatsun nan aka gina shi, tun daga tushe har sama.

Yumɓun gaskiya ne, yana nan a bakin wata 'yar ƙorama, baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Sai dai ɗanyensa na cin fata, dole ya bushe kwana arba'in kafin a shafa, don haka sai a tafi da shi gida. Na cika ƙwarya babba. Tabawa ta dube ta ta ce duk abin da na ɗauka, ita za ta ɗauki dutsensa a baya, ga kanwarta, ga hawa ba sauka ba. Ta ce saboda ran mutum ta ɗauki uku ba a roƙe ta ba, amma saboda gemu ba za ta wuce rabin dutse ba. Na yi magiya, na yi mata kirari, na yi alkawarin turaren da ko matan sarakuna ba su shaƙa ba. Ta gutsuro curi kamar ƙwan agwagwa ta sa mini a hannu.

Da safe aka kai mu gungumen awo na ƙasa. Na zauna na ɗaga ƙafafuna biyu sama har gwiwa ta taɓa kunne, na ce mai awo ya zagayo ya duba da kyau, ya kuma sake awon sau biyu. Hawan da muka yi ba zan ba ku labarinsa ba, don rabinsa da rarrafe na yi, kuma akwai mata a nan.

Na iso Zangon Lallausa da aron riga. Na ɓoye curin a rufin ɗaki kwana arba'in, na daka shi, na kwaɓa, na kulle ƙofa da rana tsaka. Madubina na can gindin Hanjin Ƙasa, aron na Gwamma kuwa tona asiri ne. Na ce hannun da ya shekara talatin yana sa wa mutane kwalli ba ya bukatar madubi. Na fara daga dama, na shafa, na ƙara, na sake ƙarawa don ya kama sosai. Da na zo tsakiyar haɓa na mayar da yatsa cikin kasko, na ji ƙasan kasko.

Gwamma ta daɗe tana kallona da na fito. Ta zagaya dama ta ce, sannu da zuwa angona. Ta zagaya hagu ta durƙusa ta ce, ina wuni Baba. Sannan ta tambaya ko ilmin ne bai ishi ɗaya gefen ba.

Yau shekara tara ke nan, dama ko sili ɗaya bai yi fari ba, mai raƙumi bai yi ƙarya ba. Na aske, ya sake tsirowa yadda yake. An ce in koma in ƙaro. Na aika wa Tabawa saƙo da kwalbar turare, ta aiko a gaya mini tana nan, gungume ma yana nan, amma ta ji labarin na ƙara ƙiba, in taho da shirin jin sabon suna.

To, kun ji. Duk mai son magana da ni ya zagayo ta dama. Kai kuma da ke can hagu kana danne dariya, na gan ka, kuma a ido na ƙiyasta ka: ba ka kasa dutse tara ba.